Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Kamun Kifi Da Jiragen Ruwa Na Ghana: Ku Tambayi Masu Jan Taru

Zuwa ga Ma'aikatar Kamun Kifi, da Hukumar Kamun Kifi, da Hukumar Kula da Harkokin Jiragen Ruwa ta Ghana wadda aka fi sani da GMA.

Ranku ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni tsohon ma'aikacin ɗakin inji ne a jiragen kamun kifi masu tashi daga Tema. Yanzu ina zaune a Ashaiman, gwiwa ta daina yarda da hawan tsani. Na rubuta muku da Hausa ne saboda akwai 'ya'yan zango da ke neman abinci a waɗannan jirage, kuma iyayensu da matansu suna da haƙƙin su ji abin da ake roƙo a madadinsu. Na tabbata a ofisoshinku ba za a rasa mai karanta muku ba.

A shekarar 2024 Ghana ta shiga Yarjejeniya mai lamba 188 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara tun 2007 domin masu aiki a jiragen kamun kifi. A ciki an ce jirgin da zai wuce kwana uku a teku, kowane ma'aikaci ya samu hutun aƙalla awa 10 cikin awa 24, da awa 77 a mako. An ce a ba shi kwantiragi a rubuce, a ajiye magani a jirgi, a bar jerin sunayen mutanen ciki a hannun wani a tudu. An ce mai jirgi ba shi da ikon hana kyaftin yanke shawarar da yake ganin ita ce za ta tsare jirgi da rayukan da ke cikinsa. Duk wannan ya yi, Allah ya saka da alheri. Amma sashen da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na 33, ɗan gajere ne, bai fi layi biyu ba. Ya ce idan za a auna haɗarin aikin kamun kifi, a yi shi tare da masuntan ko wakilansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ke tsaye a bayan jirgi ƙarfe uku na dare ya san abin da zai kashe shi, ya san sunan ƙarfen, ya san gefen da yake. Ba a taɓa tambayarsa ba ne kawai.

Bari in fara da Comforter 2. A watan Mayun 2022 wannan jirgin jan taru ya kife a tekun da ke gaban gaɓar Elmina da mutum 26 a ciki, sama da goma ba su koma gida ba. Waɗanda suka tsira sun gaya wa 'yan jarida cewa hadari ya haɗo, taru ya cika maƙil, leburori sun tsorata, amma aka dage sai an ɗago shi gaba ɗaya. Wasu ganga suka runguma kusan yini da kwana kafin wani masunci ya tsince su.

Duk wanda ya yi aiki a irin wannan jirgi, da ya ji bayanin nan ya gane hanyar. Muddin taru yana cikin ruwa, ruwa na rage masa nauyi. Da zarar an ɗago shi ya rabu da ruwa, nauyinsa gaba ɗaya yana komawa can ƙololuwar ƙarfen da aka rataya shi, kamar an ɗauki tan-tan na kifi an ɗora a saman ƙarfen. Jirgi sai ya yi nauyin kai. In kuma an daɗe a teku, tankunan mai da na ruwan sha da ke ƙasa sun yi rabi, gindin ya yi sauƙi, abin da ya rage a tankunan ma yana kai da komo. Sai igiyar ruwa ta hau saman jirgi. A gefen kowane jirgi akwai kafofin da aka yanka domin ruwan da ya hau ya fice nan take, amma sau da yawa za ka tarar an toshe su da katako ko tsohon taru don kada kifi ya zube, ko kuma kifin ne da kansa ya cushe su. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan ɗaya ne. Matar da ta taɓa ɗauko faffaɗan baho rabi da ruwa a ka ta san sauran zancen: kina ɗan karkata, ruwan duk ya ruga can, ya ƙara karkatar da ke. A daidai lokacin kuma ƙofar da ake zura kifi zuwa ƙasa tana buɗe, domin aiki ake yi. Ruwa na samun wannan ƙofa, magana ta ƙare cikin mintuna.

Jirgi yakan yi kashedi kafin ya kai nan. In ya karkata sai ya yi jinkirin miƙewa, ya ɗan tsaya kamar mai tunani. Sabon shiga daɗi yake ji, ya ce yau ruwa ya kwanta, ba jijjiga. Tsohon hannu kuwa cikinsa ne ke ɗurar ruwa. To amma tsohon hannun lebura ne, muryarsa ba ta hawa bene inda kyaftin yake.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sifeto zai gani ran da ya zo duba jirgi a kwata, jirgi a ɗaure, a wanke, rumbu wayam. Abin da zai iya gani shi ne littafin da ke bayyana iya nauyin da jirgin zai ɗauka da yadda za a raba shi, in ma akwai littafin, in ma da harshen da sifeton ke karantawa aka rubuta shi. Yawancin jiragen nan sun sha kwaskwarima bayan an ƙera su: an ƙara injin daskarewa, an ƙara tanki, an ɗaga ƙarfen baya, an yi rumfa a sama. Kowane ƙari yana sauya lissafi, littafin kuma na nan yadda yake tun ran farko. Ina roƙon duk jirgin da aka taɓa wa jiki a sake gwada daidaitonsa kafin a sabunta masa lasisi, a kuma rubuta iyakar nauyin da za a iya ɗagowa a lokaci guda da manyan baƙaƙe, a manna kusa da winci, wato injin da ke jan taru, inda kowa zai gani. Lebura mai nuna allo da yatsa ya fi ƙarfi a kan lebura mai cewa "ina jin tsoro".

Tunda an zo maganar duba jirgi, bari in faɗa muku abin da idona ya gani, ba zan kama sunan jirgi ko kamfani ba. Ana gobe sifeto zai zo, da yamma ƙaramar mota ta tsaya a kwata, aka sauke rigunan ceto sababbi fil, har da ledarsu, da tukwanen kashe gobara masu sabon tambari. Aka jera. Washegari aka zo, aka ƙirga, aka sa hannu, aka sha lemo. Kafin la'asar motar ta dawo ta kwashe kayanta, ta wuce jirgin da ke layi. Mu aka bar mu da namu na gado, waɗanda beraye suka ci igiyarsu, a kulle a wani akwati da makullinsa ke aljihun mutum ɗaya. Maganin wannan ba ya cin ko sidi ɗaya: a rubuta sunan jirgi da fenti a jikin kowace riga da kowace tukunya, a kuma riƙa zuwa ba sanarwa, musamman ran tashi da ran dawowa.

Kwale-kwalen ceto na roba, wanda ke naɗe a cikin farar ganga a saman jirgi, yana da wata 'yar na'ura da ke riƙe da ɗaurinsa. In jirgi ya nitse, kafin ya kai zurfin mita huɗu matsin ruwa zai sa ta yanke igiyar, gangar ta taso, kwale-kwalen ya hura kansa. An yi ta ne domin ranar da ba wanda zai samu sararin kwancewa. Ku je ku duba, za ku tarar an ƙara ɗaure gangar tamau da igiyar nailan, wai don kada ta yi ƙara ko igiyar ruwa ta tafi da ita. Wani wurin ma an bi ta da fenti har kan na'urar, ko an jibga tsohon taru a kai. Irin wannan kwale-kwale tare da jirgi yake tafiya ƙasa. Haka na'urar EPIRB, wadda in ta faɗa ruwa take aika wa tauraron ɗan'adam sunan jirgi da inda yake: wurinta waje ne, inda za ta iya tasowa, amma wasu a ɗakin kyaftin suke ɓoye ta don gudun ɓarayi. Da ni ne sifeto, ba zan tambayi kyaftin komai ba. Zan kira ƙaramin yaron da ke wanke kifi in ce ya ɗauko rigar cetonsa ya sa, ina duba agogo. Sannan in ce ya nuna mini inda zai tsaya in an buga ƙararrawa.

Nitsewa ce ke shiga labarai, amma abin da ya fi cin mutane a hankali winci ne da wayarsa. Wayar ƙarfen da ke jan taru tana ɗauke da nauyin da in ta tsinke ba a ganin tahowarta, sai dai a ga mutum a kwance. Tana tsufa, silinta na karyewa ɗaya-ɗaya suna miƙewa kamar ƙaya, su kama safar hannu, safar ta ja hannu, gangar winci ta ja sauran. Mai tuƙa wincin sau da yawa ba ya hango mutanen da ke baya, sai da ihu. Maɓallin tsayar da shi na gaggawa, in akwai, gishiri ya cinye shi, ko kuma yana can inda wanda aka kama ba zai kai hannu ba. Ga ƙofofin ƙarfe biyu masu buɗe bakin taru, kowace ta fi ƙarfin mutum goma, suna lilo a gefen jirgi in an ɗago su, yaro kuma sai ya shiga tsakaninsu da jikin jirgi ya maƙala sarƙa. Ga igiya a naɗe a ƙasa, mutum ya taka tsakiyarta bai sani ba, taru na sauka ta zarge masa ƙafa ta yi ruwa da shi. Ku zagaya Tema Newtown ku gaisa da tsofaffin ma'aikata hannu da hannu, za ku ƙirga yatsun da babu. Waɗannan yatsu ba sa cikin kundin kowa.

Wanda ya faɗa ruwa da dare ba rigar ceto, ba fitila a jikinsa, jirgi kuma na jan taru ba ya iya juyawa da sauri, sai dai addu'a. Akwai rigunan ceto marasa kauri da ake aiki da su a jiki, masu hura kansu in sun taɓa ruwa. Kuɗin guda bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da abin da jirgi ke saukewa a tafiya ɗaya.

A ƙarƙashin duk wannan akwai rashin barci. Ana ɗago taru bayan 'yan awoyi, a zube, a mayar da shi ruwa, a tsince kifi, a wanke, a jera a faranti, a kai injin daskarewa. Kafin ka gama na farko na biyu ya iso. In kifi ya zo, ba dare ba rana. Ɗan abin da ka samu na runtsawa kuma, da yawa daga cikin leburori a saman jirgi suke yinsa, ƙarƙashin tamfol, a kan taru mai danshi. Ƙungiyar EJF mai bincike a kan kamun kifi ta tattara irin wannan shaida daga bakin ma'aikatan Ghana ta buga. Mutumin da ya kwana biyu bai yi barci ba ya san duk dokokin, ƙafarsa ce kawai ba ta bin umarninsa. Na san za a kawo muku takardar hutu kowa ya dangwala, awa goma-goma reras. Kada ku karɓa haka nan. Kuna da na'urar bin sawun jirage, kuna da littafin kamu. Ku duba sau nawa aka jefa taru a yini, tan nawa aka daskarar, mutum nawa ne a jirgin. Lissafin ɗan firamare zai nuna ko hutun ya yiwu.

Sai harshe. Doka ta ce kashi 75 cikin ɗari na ma'aikatan jirgi su zama 'yan Ghana, kuma a ƙasa haka abin yake: Fante, Ga, Ewe, Twi, Hausa, duk ana ji. A bene kuwa, a yawancin jiragen jan taru, kyaftin da babban injiniya 'yan China ne. Aikin yau da kullum yana tafiya da nuni da tsawa da 'yan kalmomin da aka haddace. Ran da wuta ta tashi a ɗakin inji, hayaƙi ya rufe ido, nuni ba ya aiki. Na yi aiki da bawul-bawul da allon lantarki waɗanda duk rubutun jikinsu ban iya karanta ko ɗaya ba, sai dai na haddace cewa na uku daga hagu shi ne na mai. A wajabta fassara kowane rubutun gargaɗi zuwa Turanci tare da zane, a kuma tabbatar akwai aƙalla jami'i ɗaya a kowane jirgi da yake jin harshen bene da na ƙasa.

Akwai masu kisa guda uku da ba a gani, kuma su ne aka fi jahilta. Injinan daskarewa da yawa da ammoniya suke aiki. Ita aƙalla tana da wari mai hawa kai, in ta tsiyaya za ka sani, amma in bututu ya fashe a rufaffen wuri tana ƙona ido da huhu kafin ka lalubo tsani. Wasu injinan da gas irin na firji suke aiki, shi ba shi da wari, ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasan rumbu ya kore iskar shaƙa. Na uku shi ne gas ɗin da ruɓaɓɓen kifi da ruwan ƙasan jirgi ke fitarwa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mugun halinsa shi ne in ya yi yawa yana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ya wuce. Labarin kullum iri ɗaya ne a duk duniya: mutum ya sauka ya faɗi, abokinsa ya bi shi don ya ɗauko shi ya faɗi, na uku ma haka. Zumunci ne ke kai su. Abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne: na'urar gwada iska ta hannu, fanka mai hura iska, abin shaƙa mai tukunya guda biyu da mutanen da aka koya wa sa shi, da doka ɗaya da za a dasa wa kowa a ka, cewa ba a bin wanda ya faɗi a rami sai da abin shaƙa da igiya a ƙugu. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare komai a nan.

Yarjejeniyar ta kuma ce wanda ya ji mummunan rauni a kai shi tudu a kan lokaci. A aikace, komawa Tema asarar mai ce da kwanakin kamu, don haka sai a ɗaure ciwon da tsumma, a ba shi maganin ciwon kai, a jira ko kwale-kwale zai gitta. Sukar ƙayar kifi ko yankan waya da allura ɗaya za ta warkar, sai ta kai ga yanke yatsa.

Za ku ce ai kowane jirgi akwai jami'in sa-ido na gwamnati. Haka ne. A watan Yulin 2019 ɗaya daga cikinsu ya ɓace daga jirgin Meng Xin 15. A 2023 wani ya sake ɓacewa daga wani jirgin kamun tuna. Jami'in nan shi kaɗai ne, abincinsa da makwancinsa da hanyar kiran gida duk a hannun wanda aka turo shi ya sa wa ido suke. Ku ba kowannensu na'urar sadarwa ta tauraron ɗan'adam tasa ta kansa, wadda ba ta bi ta ɗakin kyaftin ba, da 'yar na'urar nuna wuri da zai maƙala a jiki. Kyamarorin da ake maganar sakawa domin lura da kifi, a juya ɗaya ta kalli winci da bayan jirgi. Ku sani leburori suna kallo. In mutumin gwamnati zai iya ɓacewa, ɗan zango da ba shi da kowa ya riga ya ɗauki darasi.

Wannan shi ya kawo ni ga dalilin da ya sa ba ku jin waɗannan abubuwa. Aiki ta hannun ejan ake samunsa, masu jira a bakin ƙofar tashar kuma sun ninka guraben. Wanda ya buɗe baki, ba korarsa za a yi ba, kawai ba za a sake kiransa ba, kuma ejan-ejan sun san juna. Saboda haka in sifeto ya tara ma'aikata a gaban kyaftin ya ce "akwai matsala?", amsar da zai ji ita ce babu. Sashe na 33 ba zai yi aiki ta haka ba. A gana da su a tudu, ɗaya-ɗaya, bayan an biya su, ba ejan, ba bosun wato shugaban leburori, da harshen da suke so. A buɗe lambar waya da za a kira ba tare da faɗin suna ba. A kuma sa ido: wanda ya ba da shaida in aka daina ɗaukarsa, kamfanin ya zo ya yi bayani.

Ban rubuta wannan don in ce kowane kyaftin azzalumi ne ba. Na zauna da na kirki, wanda in ya ga hadari yake cewa a sassauta, a ɗago taru kashi-kashi. Kuma in jirgi ya kife ba ya tambayar fasfo, a Comforter 2 har da 'yan China ruwa ya ci. Kyaftin ma yaron wani ne, da yawan tan ake auna shi. Matsalar ita ce wanda ke matsa masa ba ya cikin takardunku. Doka ta keɓe jan taru ga 'yan ƙasa, amma binciken EJF ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na jiragen suna da alaƙa da masu su na ainihi a China, sunan ɗan Ghana ne kawai a lasisi. In waya ta tsufa, mai suna a takarda ba shi da ikon sayen sabuwa, mai ikon kuma sammacinku ba ya isa gare shi. Ku nemi sunan mai jirgi na gaskiya, ku kuma ɗaure lasisi da inshorar rai da ta rauni ga kowane ma'aikaci, mai suna, wadda za a iya karɓa a Ghana. Kamfanin inshora da ya san shi zai biya diyya, da kansa zai turo a duba wayar.

Ina so ku san yadda ɓacewar mutum take a gidajenmu. Wanda ya mutu a tudu an wanke shi, an sallace shi, an kai shi, an yi zaman makoki, an raba gado. Wanda teku ta riƙe babu ko ɗaya. Matarsa ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Abin da malamanmu na Malikiyya suka saba faɗa game da wanda ya ɓace shi ne jiran shekara huɗu bayan an kai magana gaban hukuma, sannan takaba. Haya kuwa ba ta jira, kuɗin makaranta ba ya jira. In aka yi rashin sa'a yaron ya hau jirgi da littafin aikin wani, ko an sauya shi da wani a daren tashi ba a gyara jerin sunaye ba, kamfani zai ce bai san shi ba, kuma a takarda gaskiyarsa ce. Don haka jerin sunayen nan kada a ɗauke shi aikin magatakarda. A kira suna a kwata, a dubi fuska da kati, a rubuta lambar wani na gida. In kuma abin ya faru, hukuma ta ba iyali takardar shaida cikin lokaci sananne, wadda za su kai wa malami da kotu da kamfanin inshora.

Mu ma a zango muna da namu laifin. Da an ce wane ya tafi a ruwa sai a ce kwana ya ƙare, a shafa fatiha, a tashi. Kwana kam na Allah ne. Amma igiyar nailan da aka ɗaure kwale-kwalen ceto da ita, hannun mutum ne ya ƙulla ta, kuma tambayar wane ne ba rashin tawakkali ba ne.

Wani bincike da gidauniyar FISH Safety ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa sama da mutum 100,000 ke mutuwa kowace shekara a sana'ar kamun kifi a duniya, akasarinsu ba a rubuta su ko'ina ba. Ya kamata Ghana ta fara rubuta nata. Kowace mutuwa, kowane yatsa, kowace gobara, har da wanda aka auna arziki. In jirgi ya nitse a buga rahoton binciken kowa ya gani, a zo kwata a karanta shi da Fante da Ga da Hausa, domin waɗanda za su tashi gobe su ne suka fi kowa buƙatarsa.

Mun ga yadda kuke motsi in kasuwa ta yi barazana. Tun da Tarayyar Turai ta sake ba Ghana katin gargaɗi a kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2021 ake ta gyare-gyare, har aka kai ga sabuwar dokar 2025 da ta tura manyan jirage daga mil 6 zuwa bayan mil 12 daga gaɓa. Masu kwale-kwale sun ji daɗi, kuma sun cancanta. Sai dai ku tuna jirgin da ya ƙara nisa da gaɓa ya ƙara nisa da mai ceto, kuma kwale-kwalen da kan tsinci mutane a ruwa ba lallai su kai can ba. Kayan ceton da ke cikin jirgin yanzu sun fi da muhimmanci.

Lokacin yin aikin ma kuna da shi a hannu. Kowace shekara a watannin Yuli da Agusta jiragen jan taru suna ɗaure saboda hutun kamun kifi, ma'aikata na zaune a gida ba albashi. Jami'ar koyon aikin ruwa tana nan Nungua, tafiyar 'yan mintuna daga Tema. A kwashi leburori rukuni-rukuni, masu jirage su biya kuɗin mota da na abinci, a jefa su ruwa da rigar ceto, su kifar da kwale-kwalen roba su tayar da shi, su kashe wutar gaske da tukunyar gaske, su sa abin shaƙa su shiga ɗaki mai hayaƙi. A cikin wata biyun nan kuma kowane jirgi a zagaya shi daga gaba zuwa baya tare da mutum uku ko huɗu daga cikin leburorinsa, waɗanda 'yan'uwansu suka zaɓa, su nuna da yatsa, sifeto ya rubuta, a sa ranar gyara. Jirgin da bai gyara ba kada ya tashi ran 1 ga Satumba.

In kuna son somawa kafin lokacin, ku turo mutum biyu Ashaiman ko Tema Newtown wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba motar ofis, ba ɗan rakiya daga kamfani. Za mu tara muku tsofaffin ma'aikata da waɗanda ke hutu. Ku zo da littafi mai kauri.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin inji,
Ashaiman.